Amsoshin Wasiƙunku: Shin Ƙasa Sai An Amince Da Ita?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa da ke cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Yana cewa ya ji a rediyo wai wasu ƙasashe ba su amince da Kosobo ba. Shi ne yake tambaya: ina Kosobo take, kuma don me ƙasa za ta nemi yardar wasu, alhali Jihar Zamfara ba ta nemi yardar kowa a waje ba?

To Alhaji, mun gode. Bari mu fara daga gida. Ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Zamfara daga Jihar Sakkwato. Gwamnatin tarayya ce ta raba, kuma har gobe mutumin Zurmi fasfon Nijeriya yake riƙewa, naira yake kashewa. Watau uba ne ya ƙara wa ɗansa ɗaki a cikin gida, maƙwabta ba su da ta cewa. Ɓallewa kuwa daban take. Da Biyafara ta ɓalle a 1967, ƙasashe 5 kaɗai suka amince da ita: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti. A 1970 zancen ya ƙare.

Ita Kosobo tana yankin Balkan ne, a kudu maso gabashin Turai. Da can akwai tarayyar Yugoslabiya mai jamhuriyoyi 6. Bayan rasuwar shugabanta Tito a 1980 sai ɓaraka ta kunno kai, a 1991 tarayyar ta fara watsewa. Yaƙin Bosniya ya ci daga 1992 zuwa 1995, kuma a garin Sirebirenika kaɗai an kashe Musulmi maza da yara kimanin 8,000. A wancan lokaci Kosobo lardi ce a cikin Sabiya, akasarin mutanenta Albaniyawa ne Musulmi. Bayan yaƙin 1999, ta ayyana 'yancinta ranar 17 ga Fabrairu 2008. Amurka da Ingila da Faransa da Saudiyya sun amince. Sabiya ta ce atafau, Rasha da Sin suka goya mata baya, shi ya sa Kosobo ba ta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Me ke cikin amincewar? Takarda ce, Alhaji. Wanda bai yarda kai ƙasa ba ne, zai iya ƙin fasfonka da hatimin kwastan ɗinka, har lambar motarka. A 2021 da 2022 rigimar lambar mota ta sa an tare hanyoyi a arewacin Kosobo. A 2018 kuma Kosobo ta ɗora harajin kashi 100 bisa 100 kan kayan Sabiya, watau kayan naira dubu sai an biya musu wata dubu kafin su shiga. Wannan haraji na cikin abubuwan da suka raba kan jam'iyyun da ke gwamnatin haɗin gwiwa, har gwamnatin Albin Kurti ta faɗi a Maris 2020, ba ta cika wata biyu ba.

Dukkansu kuwa burinsu Tarayyar Turai, inda kaya ke wucewa ba haraji tsakanin 'yan ƙungiya. Sulobeniya ta shiga a 2004, Kuroshiya a 2013. Kosobo ta miƙa takardarta a 2022, amma ba a karɓar baƙo sai kowane ɗan ƙungiya ya yarda, ga shi 5 daga cikinsu ba su amince da ita ba: Sifen, Girka, Saifurus, Romaniya da Sulobakiya. Sifen na gudun kada 'yan Kataloniya su ce su ma haka.

Ku da ke kai hatsi da dabbobi Maraɗi kun ɗanɗana irin wannan. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024, kuma kowa ya ga yadda kasuwa ta yi sanyi daga Ƙaura Namoda har bakin iyaka. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala fita daga ECOWAS. Babu wanda ya daina amincewa da Nijar a matsayin ƙasa, amma in manya suka saɓa, mai buhun gero ne ke fara jin jiki. Saboda haka kafin ka ɗora kaya, binciki takardun da ake karɓa a iyaka, ka riƙe naka cikakku.

Da fatan Alhaji ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku. Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.