3.2 Amana a Matsayin Jarin Masu Talla a Kafafen Sada Zumunta

Kafin a shiga bayanin yadda fitattun mutane a kafafen sada zumunta ke karkata ra'ayin matasa wajen saye, ya kamata a waiwayi dillaliya. A al'adar Bahaushe, ita ce ke shiga gida-gida da atamfa da turare da kwanuka, tana haɗa mai kaya da matan da ke cikin kulle. Jarinta shi ne amana. An san gidanta, an san danginta, idan kuma kaya suka ƙi, akwai inda za a same ta.

Idan aka duba da kyau, za a ga cewa aikin da fitattun Instagram da TikTok ke yi a yau bai yi nisa da na dillaliya ba, sai dai su dubban gidaje suke shiga a lokaci guda ta cikin wayar hannu. Tun a shekarar 1955 Katz da Lazarsfeld suka nuna cewa saƙon kafar watsa labarai ya fi tasiri idan ya biyo ta bakin wanda aka yarda da shi. Haka kuma, a 1956 Horton da Wohl sun yi bayanin wata irin dangantaka mai ɓangare ɗaya, wato mai kallo ya riƙa jin ya shaƙu da wanda yake gani a talabijin, alhali shi wancan bai ma san da zamansa ba. Wannan shaƙuwa ta fi ƙarfi a waya, domin budurwa tana ganin ɗakin tauraruwarta da abincinta da bikin 'yan'uwanta kusan kullum. Saboda haka, ranar da tauraruwar ta ɗaga kwalbar mai ta ce da shi take amfani, yarinyar ba ta ɗauke shi talla ba. Shawarar babbar yaya ta ɗauke shi.

Man bilicin misali ne da ya fito da wannan fili. Ana tallarsa da sunan "haɗi" ko man gyaran fata, sau da yawa ba tare da lambar NAFDAC ba. Wasu daga cikin irin waɗannan mayuka na ɗauke da zaiba, wadda ke lahanta ƙoda, ko sinadarin sitiroyid, mai sa fata ta yi sirara har jijiyoyi su bayyana. Bugu da ƙari, hasken fuskar da mai saye ke gani a hoto, wani lokaci aikin manhajar kyamara ne, ba na mai ba. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya da ke bukatar ɗaukin gaggawa a Nijeriya.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗin da ke ɓoye a bayan yabon. Ladan dillaliya sananne ne, amma mai kallo ba kasafai yake sanin an biya tauraro ba. A Amurka, a 2022, hukumar kula da hannayen jari ta sa Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26, saboda ta tallata wani kuɗin intanet a Instagram ba tare da ta faɗi cewa an ba ta dala 250,000 ba. A Nijeriya kuwa, dokar 2022 da ta kafa ARCON a madadin APCON ta tanadi a tantance talla kafin a fitar da ita, har da ta intanet. Sai dai aiwatar da hakan na da wuya, musamman ga tallar da aka sa a "labarin" Instagram, wadda ke ɓacewa bayan sa'a 24, cinikin kuma a ƙarasa shi a asirce ta WhatsApp.