Albasa na hutawa cikin rudu, mai ita bai hutawa

Daga watan Maris zuwa Afrilu, lokacin ɗibar albasa, barci kan yi ƙaranci a Galmi da sauran garuruwan gundumomin Malbaza, Birnin Kwanni da Illela. Zafi kan wuce digiri 40, ƴan dako na lodin buhuna tun asuba, kamiyoyi na jiran kama hanyar Akara da Abijan. Ɗan kasuwa kuwa yana tsakanin gona, tasha da ofishin duwan, yana lissafi da jajayen idanu.

Abin mamaki, mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin amfanin dakatawa. Manomi yakan yanke wa albasa ruwa kwanaki kafin ya cire ta, ya bari ta sha iska, sannan ya jera ta cikin rudu har kuɗinta ya tashi da damina. Ya san wadda aka gaggauta ruɓewa take. Jikinsa ne kaɗai bai yi wa wannan adalci.

Gajiya ba ta faɗowa rana ɗaya, sai ta aiko manzanni: ciwon kai da la'asar, barcin da ba ya wartsakarwa, faɗa da yaran shago a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuskure wajen canjin naira da sefa. Da yawa kan rufe bakin manzannin da shayi mai ɗaci da goro. Wasu ƴan dako da direbobi har tramol suke sha, wanda ke ɓoye gajiya ba tare da ya biya bashinta ba.

Bashin kuwa mai nauyi ne. A shekara ta 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa mutum 745.000 suka mutu a 2016 da ciwon zuciya ko shanyewar jiki, sakamakon aikin awa 55 ko fiye a mako.

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta tsaida awa 40 a mako, da hutun awa 24 a jere. Amma ɗan kasuwa shi ne ma'aikaci, shi ne uban gidan kansa, babu sufeton da zai kore shi gida. Shi zai sa direba biyu a doguwar tafiya, ya maida lodi zuwa sanyin safiya, ya damƙa wa amintaccen yaro makullin sito rana ɗaya a mako, ya kuma ɗage babban ciniki zuwa gobe idan ya kwana bai runtsa ba.