Jan Baya ko Farin Baya? Gaskiya da Shaci-faɗi a Kan Hoton Fasfo

Da zarar an buɗe shafin cike fom, na JAMB ne ko na bautar ƙasa ko na ɗaukar aiki, shagunan masu hoto da na intanet daga unguwar Tudun Jukun zuwa ta Kongo sai su cika maƙil. A kan bencin jira kuwa kowa malami ne. Wannan ya ce sai jan baya, wancan ya rantse an dawo wa ƙanwarsa da fom saboda hijabi. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu an taɓa yin su an daina, wasu kuwa ba su da tushe ko kaɗan.

Wadda ta fi yawo ita ce wai jan baya shi ne na gwamnati. Babu wata doka da ta ce haka. Gaskiya ne akwai makarantu da ma'aikatu a Nijeriya da ke neman hoto mai jan ƙyalle a baya, shi ya sa kusan kowane mai hoto ke rataye ja da fari a ƙusa ɗaya. Amma wannan zaɓin makarantar ne ko ma'aikatar, a bakin ƙofarta ya tsaya. Bizar Amurka fari ake so ko mai kama da fari. Bizar Saudiyya ma fari ne. Fasfon Ingila kuwa ruwan toka mai haske ko ruwan madara yake nema. Mai hoton da ya san aikinsa, kafin ya ja kujera zai tambaya, "Hajiya, ina za a kai shi?" In bai tambaya ba, ke ki faɗa masa.

Haka batun girma. Ana cewa ai duk ɗaya ne, a yanka kawai. Ba ɗaya ba ne. Bizar ƙasashen Turai na yankin Shengen tana son milimita 35 a faɗi, 45 a tsawo. Amurka tana son inci 2 a kowane gefe, wato milimita 51, kuma kai, daga haɓa zuwa ƙololuwa, ya kasance tsakanin milimita 25 da 35. Almakashi ba ya mai da wancan ya zama wannan, domin abin da ake aunawa har da yawan filin da fuska ta ci a cikin hoton.

Akwai kuma kuɗin da ake kashewa a banza. Yaro zai je rajistar JAMB, uwa ta ba shi kuɗi ya wanko hoto takwas. Hukumar ba ta karɓar hoton takarda a wajen rajista. A cibiyar kwamfuta da aka amince da ita ake ɗaukar ɗalibi hoto nan take, a ɗauki zanen yatsunsa, kuma tun 2021 sai da lambar NIN ake rajistar. Katin zaɓe, lambar BVN, lasisin tuƙi da ita kanta NIN duk haka suke: a gabansu za ka zauna su ɗauka. Hotunan takardan sai an samu gurbin karatu suke amfani, lokacin buɗe fayil a makaranta.

Fasfon tafiya ƙasashen waje ne ya ɗan rikita mutane, kuma da dalili. Daga Janairun 2024 Hukumar Shige da Fice ta fara barin mai nema ya ɗora hotonsa da takardunsa a shafinta tun daga gida. Sai labari ya bazu cewa an daina zuwa ofis. A'a, wanda ke neman fasfo karo na farko dole ya bayyana a ɗauki yatsunsa. Hoton da za a ɗora kuma sai ya dace da ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya mai hedikwata a Montiriyal ta Kanada: a fuskanci kyamara sosai, ido a buɗe, baki a rufe, babu inuwa a fuska ko a bango.

Maganar hijabi ita ce ta fi ci mini rai, domin tana sa wasu mata su fasa neman abin da yake haƙƙinsu, wasu kuma su tuɓe ba tare da an wajabta musu ba. Ƙa'idar ICAO ta yarda da rufe kai saboda addini. Sharaɗin shi ne fuska ta fito sarai daga haɓa zuwa saman goshi, gefenta biyu su bayyana, mayafin kada ya jefa inuwa. Ita ma Amurka ta yarda da lulluɓin addini da mutum ya saba sawa kullum, kuma ba ta ce sai kunne ya fito ba. Niƙabi ne ba ya shiga, wannan kam gaskiya ne, tunda fuskar ake nema. A Afrilun 2024, da aka tilasta wa wata ɗaliba cire hijabi a wata cibiyar jarrabawa a Legas, JAMB ta fito ta ce ba ta da dokar da ta hana suturar addini. Abin da ya kamata mace ta kiyaye ƙarami ne: ta ɗan ja hijabin baya kada ya sauko kan gira, kada ya haɗiye haɓa, kuma in bangon fari ne ta sa mai duhu. Farin hijabi a farin bango yakan narke, a ga fuska kawai tana lilo.

Maza kuma hular gayu ba ta da wannan rangwamen, a cire ta ya fi. Tabarau fa? Amurka ta hana shi a hoton biza da fasfo tun 1 ga Nuwamba 2016, sai mai lalura da takardar likita. A sauran wurare ma walƙiyar gilashi na iya sa a ƙi hoton.

Sai gyaran fuska. Ana ganin ba laifi mai hoto ya ɗan haskaka fata, ya goge ƙuraje, ya share bille ko zube. Laifi ne babba a hoton shaida. Jami'in da ke filin jirgi zai dubi hoton ya dube ka, na'ura ma za ta auna; in akwai tsaga a kumatunka babu ita a hoton, kai ne za ka tsaya bayani. Hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannu ma yana da illa, kusancin waya yana kumbura hanci ya ƙanƙantar da kunnuwa. Tsohon hoto kuma, na ranar biki ko na kammala makaranta, ba ya karɓuwa in an ce na cikin wata 6 ake so, kamar yadda Amurka da ƙasashen Shengen ke cewa.

Inda aka fi shan wahala a shagon intanet shi ne wajen ɗorawa. Yarinya ta miƙa hoton takarda da ya kwana a jaka, gefensa ya lanƙwashe, ga ramin ƙusar sitefila a goshi. Mai kwamfuta ya ɗauke shi da waya, ya tura ta WhatsApp, shafin ya ƙi karɓa, sai a ce sabis ne. Sau da yawa ba sabis ba ne. Abu uku daban shafi ke dubawa: nau'in fayil, yawanci JPEG, faɗi da tsawo a fiksel, da nauyi a kilobait. Fom ɗin bizar Amurka, alal misali, yana son JPEG daga fiksel 600 zuwa 1200 a kowane gefe, nauyinsa kada ya wuce kilobait 240. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau in an tura shi a matsayin hoto, don haka a ce wa mai hoto ya turo shi a matsayin fayil. Wayoyin iPhone kan adana hoto a nau'in HEIC, wanda shafuka da yawa ba sa karɓa, kuma sauya wa fayil suna da hannu ba ya sauya nau'insa, sai an juya shi da manhaja. In an rage nauyi, a buɗe hoton a duba kafin a ɗora, domin matsi in ya yi yawa fuska takan dushe, kuma wasu shafukan da zarar an aika fom ba sa barin a canza hoto sai an biya kuɗin gyara.