Lauyan Da Ya Koma Wa Jitarsa Bayan Shekara 14

A shekarar 1966 ne wani saurayi ɗan ƙasar Togo, Barthelemy Attisso, ya tafi Dakar karatun lauya. Da dare kuwa sai ya riƙa kaɗa jita a gidajen rawa don ya sami na kashewa. Ta haka ya shiga ƙungiyar Orchestra Baobab da aka kafa a 1970, wadda ta daɗe tana tashe a Senegal.

To, in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Da kiɗan mbalax na su Youssou N'Dour ya yi ƙarfi, samari suka juya wa Baobab baya, har ta watse a 1987. Attisso ya rataye jita, ya koma Lome ya rungumi aikin lauya.

A 2001 sai ga Nick Gold na kamfanin World Circuit, tare da shi Youssou N'Dour ɗin, suna neman a sake haɗuwa. Nan fa ake yin ta, domin jita ba ta san tsohon ubangida ba. Wanda ya daɗe bai taɓa ta ba, kantar yatsunsa ta kan baje, tsirkiya ta yi ta cizo, hannu ya yi nauyi. Lauya ya duƙufa yana bita kowane dare har yatsu suka saki.

A wannan shekara suka hau dandamali a Landan, da shi da Charlie Ndiaye mai kaɗa babbar jita ta bas. A 2002 suka fitar da sabon faifai, suka shiga zaga duniya. Attisso ya rasu a 2021, bayan jitar da ya rataye ta kai sunansa inda rigar lauya ba ta kai ba.