Kajiji Kafin Ya Hau Kasko

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya a Maiduguri ko Kano ya shaƙi kajiji, ko da bai san sunansa ba. Masu haɗa turaren wuta kan daka shi tare da hawi da farce, ƙamshin ya kama labule ya kwana. Amma kaɗan ne cikin masu saye suka taɓa ganinsa a tsaye.

'Yan ƙulle-ƙullen nan masu duhu da ake aunawa a kasuwa saiwar wata ciyawar fadama ce, 'yar'uwar aya, wadda masana ke kira Cyperus articulatus. Ba ta da wani ganyen kirki. Kara ne kore zagayayye, yakan wuce mita guda, idan ka murza busasshensa tsakanin yatsu sai ka ji gaɓoɓi a jere. Har a dajin Amazon tana fitowa, can ma turare ake yi da ita.

Aikinta na gaske a ƙarƙashin taɓo yake. Saiwar tana rarrafe tana saƙa kanta kamar tabarma, ta riƙe gaɓa kada ambaliya ta zaizaye ta. Ruwan da ya taho a guje, da ya kutsa cikin kararen sai ya lafa, ya ajiye lakar da ya ɗebo, wadda mai noman rani zai ci moriyarta. A wannan lafaffen ruwa 'ya'yan kifi ke fakewa har su yi ƙwari. Ko rani ya ƙone kan ciyawar, saiwar na nan da ranta tana jiran damina.

Tana son ruwan da ke zuwa ya koma, abin da ya yi ƙaranci a fadamar Haɗeja da Nguru. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara ta ragu, wasu wuraren kuma ruwa ya zauna rani da damina. A nan ciyawar kacalla ta samu abin da take so, ta toshe magudanai, ta danne ƙananan ciyayi, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye gero.

Wani abin da ke damuna shi ne, ɓangaren da muke saye shi ne mai riƙe gaɓar. Mai yankar kara don tabarma ya bar tushe a ƙasa, baɗi ya tofo. Mai haƙar kajiji kuwa da fartanya yake zuwa, kuma bikin aure ba ya yankewa a garuruwanmu.