Idan Manhaja Ta Ƙi Zama a Kwamfuta: Karanta Lambar Tukuna

 Yau za mu taɓo wani ciwon kai da mai kwamfutar Windows ya sani sarai. Kana saka manhaja, koren layin nan na tafiya har ya kusa ƙarshe, sai ya tsaya cak, ya ja da baya, a ce maka ba a ga VCRUNTIME140.dll ba, ko a jefo maka lamba irin 0x80070666. Ra'ayina shi ne, gyaran gaggawa da aka saba yi shi ke girmama matsalar, alhali lambar da ake tsallakewa ta riga ta nuna inda gizo ke saƙa.

A taƙaice, manhajoji da yawa ba sa zuwa da dukan kayan aikinsu. Akwai fayilolin tarayya masu ƙarewa da dll da kowa ke ara, kamar turmi ɗaya a gidan yawa. A zamanin Windows 95 da 98 sabuwar manhaja kan danne fayil ɗin da ta tarar da nata tsohon, sai wata can daban ta mutu ba gaira ba dalili. Windows 2000 ta fara tsare fayilolinta, XP kuma a 2001 ta ba sigogi daban-daban damar zama gefe da gefe. Shi ya sa kake ganin ƙunshin irin waɗannan fayiloli, wato Visual C++, na 2005, 2008, 2010, 2012 da 2013 a jere. Ba maimaici ba ne. MSVCR100 na 2010 ne, MSVCR120 na 2013, kuma ɗaya ba ya tsaya wa ɗaya. Wanda ya goge su da sunan shara, manhajojinsa ya kashe.

Daga 2015 lamarin ya sauya. Na 2015, 2017, 2019 da 2022 ƙunshi ɗaya ne, sabon ya wadatar da tsohon. To ku dubi lambar nan 0x80070666 da kyau. Wutsiyarta, 666, a lissafin kwamfuta mai tushe 16 take. In ka mayar da ita lissafinmu na kullum, 1638 ce, kuma a wurin Windows ma'anar 1638 ita ce an riga an saka wata siga ta wannan ƙunshin. Kun ji ko? Ba abin da ya ɓace. Tsohuwar manhaja ce ta zo da ƙunshin 2015 a hammata, ta tarar da wanda ya fi shi sabunta, aka ce mata ba a buƙata, ita kuma ta ɗauki hakan a matsayin faɗuwa. Magani shi ne a nemi sabon fitowar manhajar. In babu, a cire ƙunshin nan ɗaya tak, a saka manhajar, sannan a mayar da sabon daga shafin Microsoft.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan. A Windows mai bit 64 akwai jaka mai suna System32, akwai kuma SysWOW64. Hankali zai ce fayilolin 32 na cikin ta farko. Ina! Na 64 ne ke cikin System32, na 32 kuma a SysWOW64. Bari in maimaita: na 64 a cikin mai 32, na 32 a cikin mai 64. An bar sunan haka ne saboda ɗimbin manhajoji sun haddace wannan adireshi. Sai bawan Allah ya sauko da fayil ɗaya daga wani shafi, ya bi suna ya jefa shi inda bai dace ba, kuskuren ya rikiɗe ya zama 0xc000007b, wanda galibi ke nufin an cakuɗa 32 da 64.

Na san wani mai gyara zai ce, Malam, mun sha sauko da fayil ɗaya kuma ya yi aiki. Gaskiya ne, yakan yi. Sai dai fayilolin nan tare suke tafiya, VCRUNTIME140 da MSVCP140 da 'yan uwansu, kuma wanda ka jefa da hannu ba ya cikin lissafin Windows, ba ka kuma san wanda ya taɓa shi kafin ya iso gare ka ba. Wani zai ce data ta yi tsada. Ƙunshin Microsoft ɗin bai kai megabayit 30 ba, kyauta ne, kuma in ka sa shi a filash zai yi maka aiki a kwamfutoci da yawa ba tare da intanet ba. Masu cewa a goge komai a sake Windows fa? Yini guda zai tafi, kuma tsohuwar manhajar na iya sake cin karo da dutsen nan ranar da sabon ƙunshi ya riga ta shiga.

 Kwamfuta mai bit 64 tana buƙatar ƙunshi biyu, x86 na 32 da x64 na 64, don haka a saka duka. In har yanzu ta ƙi, a leƙa jakar Temp, a buɗe fayil mai farawa da dd_vcredist, lambar kuskuren tana can wajen ƙarshe.