Gawayin tace ruwan kifi

Gawayin tace ruwa wani nau'in gawayi ne da ake sarrafawa a masana'anta har ya cika da ƙananan ramuka waɗanda ido ba ya gani. Masu kiwon kifin ado a tankin gilashi suna zuba shi a matatar tankin domin ya kama kulorin, wari, launi da ragowar magani. Ya bambanta da gawayin girki: bayan ƙonawa ana sake gasa shi da tururi mai zafin digiri 800 zuwa 1000 a ma'aunin Salshiyos, ko kuma a jiƙa ɗanyen kayan da sinadarin asid na fosforik kafin a ƙona. Idan aka lissafa faɗin cikin ramukan, giram ɗaya yakan kai murabba'in mita 500 zuwa 1500. Raphael von Ostrejko ne ya yi rajistar hanyoyin sarrafa shi na masana'anta a 1900 da 1901.

Nau'o'i

Abin da aka yi gawayin da shi ne ke yanke girman ramukansa, girman ramukan kuma shi ke yanke irin dattin da zai kama.

Na ɓawon kwakwa yana da tauri, ba ya yawan ƙura, kuma akasarin ramukansa ba su kai nanomita 2 ba. Yana da kyau wajen cire kulorin da sinadarai masu ƙananan ƙwayoyi, amma launin rawaya da itacen ado ko busasshen ganye ke saki a ruwa yakan fi ƙarfin ramukansa. A nan ne na baƙin kwal ya fi shi, domin yana da ramuka ƙanana da matsakaita a haɗe, shi ya sa ya fi dacewa da tanki mai datti iri-iri. Na kwal mai laushi, wato lignait, ramukansa sun fi faɗi kuma yana saurin cire launi, sai dai yana farfashewa, dole a wanke shi sosai kafin a saka.

Na itace da aka sarrafa da asid yana iya sakin fosfet a ruwa, wanda ke ciyar da gansakuka.

Ta fuskar siffa akwai gari, akwai tsaki-tsaki, akwai dunƙulalle. Tsaki-tsakin aka fi amfani da shi, domin gari yakan bi ruwa ya dagula tanki.

Amfani a Kaduna

A unguwanni kamar Romi, a ƙaramar hukumar Chikun da ke kudu da kogin Kaduna, gidaje da yawa sun dogara ne da rijiya da burtsatse. Wannan ruwa ba shi da kulorin, saboda haka babbar fa'idar na ɓawon kwakwa ba ta taso ba, sai ga mai amfani da ruwan famfo. Ruwan burtsatse mai ƙarfe, wanda ke komawa ja idan ya kwana, gawayi bai cika magance shi ba. Barinsa ya sha iska ya kwanta ya fi. Masu kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na roba galibi canza ruwa suke yi, domin abin da ke kashe musu kifi amoniya ce daga kashin kifi da ragowar abinci.

Iyakarsa

Gawayin ba ya cire amoniya, naitrait ko naitret yadda za a dogara da shi. Wannan aikin ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne da ke zaune a matata, tare da canjin ruwa. Ana cire shi duk lokacin da ake yi wa kifi magani, in ba haka ba shi zai shanye maganin. Ramukansa suna cika, don haka akan canza shi bayan mako 3 zuwa 4. Wanke tsohon gawayi ko shanya shi a rana ba ya dawo masa da ƙarfi, domin sabunta shi na buƙatar zafin murhun masana'anta.